Majalisar Malolos: Waɗanda Suka Zauna a Cikinta da Waɗanda Suka Ja Ragamarta

Ranar 15 ga Satumba, 1898, aka buɗe majalisar dokoki ta farko da mutanen ƙasar Filifin suka kafa wa kansu, a cikin cocin Barasoain da ke garin Malolos, lardin Bulacan, kimanin kilomita 40 arewa da Manila. Janar Emilio Aguinaldo, shugaban gwamnatin juyin juya hali, wanda shekarunsa 29 ne kawai a lokacin, ya tsaya gaban wakilai ya karanta jawabinsa da harshen Tagalog, sa'annan ya maimaita da Sifaniyanci, su kuwa wakilan suna zaune cikin baƙaƙen kwat irin na Turawa duk da zafin ƙasar. Majalisar ba ta wuce wata 14 a duniya ba, kuma fiye da rabin wannan lokaci ta yi shi ne tana ƙaura daga gari zuwa gari, sojojin Amurka na biye da ita. Duk da haka ta bar kundin tsarin mulki wanda har gobe 'yan Filifin suke alfahari da shi, suna cewa shi ne ya haifi jamhuriya ta farko mai tsarin mulki a nahiyar Asiya. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne mutanen da suka cika kujerun, wato yadda aka samo su, da waɗanda suke wakilta, da inda shugabanninsu huɗu suka ƙare, domin a ganina ƙarfin majalisar da rauninta duk daga jerin sunayen nan suka fito.

Sifaniya ta mulki tsibiran fiye da shekara 300. Ƙungiyar asiri ta Katipunan, wadda Andres Bonifacio da abokansa suka kafa a 1892, ita ce ta ɗaga tutar tawaye a watan Agustan 1896, kuma akasarin mayaƙanta manoma ne da leburori da ƙananan ma'aikata. Shi kansa Bonifacio ma'aikacin sito ne a wani kamfanin Turawa da ke Manila. Wanda yake son gane Malolos sai ya fara da abin da ya faru a taron shugabannin tawayen da aka yi a Tejeros ranar 22 ga Maris, 1897. A wurin ne aka zaɓi Aguinaldo shugaba, aka ba Bonifacio muƙamin daraktan harkokin cikin gida, sai wani mai suna Daniel Tirona ya miƙe ya ce bai kamata a ba mutumin da ba shi da takardar shaidar lauya wannan kujera ba. Bonifacio ya fusata ya ce ya soke taron, daga baya aka kama shi, kotun soja ta yanke masa hukunci, aka kashe shi ranar 10 ga Mayu. Tun daga wannan rana tambayar ko takardar makaranta ce ke ba mutum damar shugabanci, ko kuwa wahalar da ya sha a fagen daga, ta shiga cikin gwagwarmayar, kuma da ita aka je Malolos.

A Disambar 1897 aka ƙulla sulhun Biak-na-Bato tsakanin Sifaniya da 'yan tawayen, Aguinaldo ya karɓi peso 400,000 ya tafi zaman hijira a Hong Kong. Yaƙin Amurka da Sifaniya ne ya dawo da shi gida. George Dewey, kwamandan jiragen ruwan yaƙin Amurka, ya ragargaza jiragen ruwan Sifaniya a gaɓar Manila ranar 1 ga Mayu, 1898, Aguinaldo ya sauka ranar 19 ga watan, ya kuma ayyana 'yancin ƙasa a garin Kawit ranar 12 ga Yuni. Ranar 13 ga Agusta Sifaniyawa suka miƙa Manila ga Amurkawa bayan wani yaƙi na je-ka-na-yi-ka da ɓangarorin biyu suka shirya tun da farko, aka hana mayaƙan Filifin shiga birnin da suka yi watanni suna yi wa ƙawanya. Wannan ne ya sa gwamnatin juyin juya hali ta tare a Malolos, wanda ke kan layin dogon da ya tashi daga Manila zuwa Dagupan. Aguinaldo yana sane da cewa za a yanke makomar tsibiran a teburin sulhu a birnin Paris, don haka yana matuƙar bukatar abin da zai nuna wa duniya cewa mutanensa sun isa su riƙe ƙasa, kuma a idon Turawan wancan zamani babu hujjar da ta kai majalisa cike da lauyoyi da likitoci.

Yadda aka cika kujerun

Dokoki biyu ne suka shata yadda majalisar za ta kasance, ta 18 ga Yuni da ta 23 ga Yuni, 1898, kuma dukansu Apolinario Mabini ne ya rubuta su. Mabini ɗan talakawa ne daga Tanauan a lardin Batangas, mahaifiyarsa 'yar kasuwa ce mai ƙaramin jari, ya yi karatun lauya cikin ƙunci, sa'annan shan inna ya kama shi ya rasa ƙafafunsa biyu, har sai da aka kawo shi wurin Aguinaldo a ɗauke cikin raga da aka rataya a jikin sanda, majiya ƙarfi suna karɓa-karɓa daga gari zuwa gari. Dokar farko ta ce a kowane gari mutanen da suka yi fice wajen ilimi da matsayi da kyawun hali ne za su taru su zaɓi shugaban gari, shugabannin garuruwa kuma su haɗu su zaɓi hukumar lardi da wakilan da za su je majalisa. Manila da Cavite suna da wakilai uku-uku, sauran larduna biyu ko ɗaya. A aikace, waɗanda suka cika wannan sharaɗi su ne manyan gari na zamanin Sifaniya, masu gonaki da tsoffin masu riƙe da muƙamai, saboda haka ko inda aka yi zaɓe, manomin da ya ɗauki adda ya shiga daji ba shi da bakin magana. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ta biyu ta ƙara wani tanadi wanda ya fi na farkon tasiri: duk lardin da bai samu damar yin zaɓe ba saboda yaƙi ko saboda har yanzu yana hannun Sifaniya, gwamnati za ta naɗa masa wakilai na wucin gadi. Adadin 'yan majalisar ya yi ta canjawa domin ana ta ƙara naɗi wasu kuma suna barin aiki, amma jerin sunayen watan Yulin 1899, wanda masanin tarihi Teodoro Agoncillo ya kawo, ya nuna wakilai 193, daga cikinsu 42 ne zaɓaɓɓu, 151 kuwa naɗaɗɗu. Da yawa daga cikin naɗaɗɗun mazauna Manila ne ko lardunan da ke kewaye da ita, aka ɗora musu sunayen yankunan da ba can suke zaune ba. Felipe Calderon, haifaffen Cavite, shi ne wakilin Paragua, tsibirin da ake kira Palawan a yau. Likita Trinidad Pardo de Tavera, ɗan Manila, shi ne aka ba Cebu. Har tsibiran Palau da ke can cikin tekun Pasifik sai da aka yi musu wakili.

Ba adalci ba ne a ce wannan tsari zalunci ne tsagwaronsa. Ƙasar tsibirai ce fiye da 7,000, gwamnatin ba ta da jiragen ruwan kirki, kuma sojojin Sifaniya suna riƙe da Iloilo har ƙarshen Disambar 1898. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu yadda za a yi a shirya zaɓen ƙasa baki ɗaya cikin wata uku ana tsakiyar yaƙi. Abin da za a iya tuhumar Aguinaldo da shi shi ne irin mutanen da ya zaɓa da aka ba shi wuƙa da nama. A cikin wakilan farko akwai lauyoyi fiye da 40 da likitoci kusan 20, sai masu haɗa magunguna da 'yan kasuwa da malaman makaranta da injiniyoyi, da sojoji 'yan ƙalilan, da limamin coci guda ɗaya, wato Gregorio Aglipay. Babu mace ko ɗaya. Waɗannan su ne ake kira ilustrado da Sifaniyanci, ma'ana wayayyu, wato 'yan bokon ƙasar, kuma da yawansu ba su shiga tawayen 1896 ba, wasu ma sun tsine masa a bainar jama'a lokacin da ake ganin ba zai kai labari ba.

Shugabanni huɗu

A zamanta na farko majalisar ta zaɓi Pedro Paterno shugaba, Benito Legarda mataimaki, Gregorio Araneta da Pablo Ocampo kuma sakatarori.

Tarihin Paterno kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa. Ɗan attajirai ne na Manila, ya yi shekaru a Sifaniya inda ya sami digirin shari'a, kuma shi ne ya yi ta kai da komo tsakanin gwamnan Sifaniya da Aguinaldo har aka sa hannu a sulhun Biak-na-Bato. Bayan sulhun ya nemi Sifaniya ta saka masa da sarautar gargajiya irin ta manyan fadawanta, haɗe da kuɗi. A watan Mayun 1898, bayan Dewey ya riga ya nutsar da jiragen ruwan, Paterno ne ya shugabanci majalisar shawara da gwamnan Sifaniya ya kafa don lallashin 'yan ƙasa, har ya fitar da sanarwa yana kiran jama'a su tsaya tare da Sifaniya. Wata uku da rabi bayan wannan sanarwa sai ga shi a kan kujerar shugaban majalisar juyin juya hali, yana wakiltar Ilocos Norte. Mutum ne mai fasahar magana da sanin ƙa'idojin zaman majalisa, kuma ba a musun cewa ya iya tafiyar da muhawara. Amma zaɓensa ya nuna cewa mafi yawan wakilan sun fi natsuwa da ɗan sulhu wanda ya saba da kowane ɓangare fiye da wanda ya ƙone gadarsa ta komawa baya.

Legarda attajiri ne mai masana'antu da gidaje a Manila, kuma kujerar da aka naɗa shi a kai ita ce ta Jolo, cibiyar masarautar Musulmi ta Sulu, batun da zan dawo kansa. Araneta matashin lauya ne haifaffen Molo a Iloilo, sa'an Aguinaldo a shekaru, wanda kuma ya riƙe ma'aikatar shari'a a gwamnatin juyin juya halin. Ocampo lauya ne ɗan unguwar Quiapo a Manila, shi ne mafi ƙarancin suna a cikinsu a lokacin, kuma shi ne wanda ya fi daɗewa a kan bakansa.

Ranar 29 ga Satumba majalisar ta tabbatar da ayyana 'yancin da aka yi a Kawit, aka yi gagarumar liyafa a Malolos. Takardar jerin abincin liyafar tana nan har yau, kuma da Faransanci aka rubuta ta. Ana iya fahimtar dalili, domin ana so baƙi da 'yan jarida na ƙasashen waje su ga cewa waɗannan mutane ba su da bambanci da 'yan majalisar Paris ko Madrid. Amma sojan da ke kwance a ramin tsaro a bakin Manila ba ya jin Faransanci, galibi ma ba ya jin Sifaniyancin da ake muhawara da shi a cikin cocin, harshen da kundin tsarin mulkin ya ce da shi za a ci gaba da gudanar da harkokin hukuma na ɗan lokaci.

Ba zama kawai suka yi ba. A watan Oktoba aka kafa jami'ar ƙasa mai koyar da shari'a da likitanci da haɗa magunguna, aka buɗe makarantar sakandare ta Burgos da makarantar horar da hafsoshi. Majalisar kuma ta amince da dokar karɓar rancen cikin gida na peso miliyan 20. Babban aikin dai shi ne kundin tsarin mulki, kuma a kansa ne aka yi karon farko tsakanin majalisar da Mabini.

Rigimar kundi

Matsayin Mabini shi ne dokar 23 ga Yuni ba ta ba majalisar ikon rubuta kundi ba, an kafa ta ne don ta ba shugaba shawara ta kuma taimaka wajen samo kuɗi, sa'annan ƙasar da wani yaƙin ke ƙwanƙwasa mata ƙofa tana bukatar shugaba mai cikakken iko wanda zai yanke hukunci cikin gaggawa. Wakilan suka yi kunnen uwar shegu da wannan, suka kafa kwamiti, Calderon ya zama ƙashin bayansa. Ya tsamo daftarinsa daga kundayen Faransa da Beljiyam da wasu ƙasashen Latin Amurka irin su Meziko da Barazil da Kosta Rika da Gwatamala, aka gabatar da shi a watan Oktoba, aka yi ta tafka muhawara har ƙarshen Nuwamba.

Daftarin ya ɗora majalisa a kan kowa. Majalisa ce guda ɗaya mai wa'adin shekara huɗu, ita ke zaɓen shugaban ƙasa, ministoci suna ba da bahasi a gabanta, kuma idan ta tafi hutu sai ta bar kwamitin dindindin na mutum bakwai ya ci gaba da sa ido a kan gwamnati. An kuma jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa dalla-dalla, kamar hana tsare mutum ba bisa doka ba, da hana shiga gidansa ko buɗe wasiƙunsa ba da izinin alƙali ba, da 'yancin faɗin albarkacin baki da kafa ƙungiya. Ga mutanen da suka ga an harbe Jose Rizal, marubuci ɗan kishin ƙasa, a Disambar 1896 bayan shari'ar soja, waɗannan sassa ba ado ba ne. Calderon bai ɓoye dalilinsa na fifita majalisa ba. Ya rubuta daga baya cewa ya san sojoji ne za su mamaye ƙasar na tsawon lokaci, kuma idan dole ne 'yan tsiraru su yi mulki, ya gwammace tsirarun masu ilimi da tsirarun jahilai. Maganar Tirona ce ta Tejeros ta dawo cikin rigar doka.

A nan ina ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma wannan ne ya sa lamarin ya cancanci nazari. Tsoron Calderon ba na banza ba ne, domin shugaban da ake so a sakar wa iko shi ne wanda aka kashe Bonifacio a ƙarƙashin gwamnatinsa, kuma koke-koke a kan cin zalin da wasu hafsoshi da shugabannin garuruwa ke yi suna ta isowa Malolos. A ƙarshen 1898 ma sai da manoma a Tarlac da Pangasinan suka tayar wa jami'an sabuwar gwamnatin ƙayar baya. Shi kuma Mabini, wanda aka naɗa shugaban majalisar ministoci ranar 2 ga Janairu, 1899, ya hango abin da Calderon bai so ya gani ba, cewa mutumin da gidajensa da kantunansa suke cikin Manila, birnin da ke hannun Amurkawa, da wuya ya jure dogon yaƙi da su. Ya kawo gyare-gyare don ƙarfafa hannun shugaba, majalisar ta yi watsi da mafi yawansu, aka daidaita a kan wasu tanade-tanade na wucin gadi. Aguinaldo ya sa hannu ranar 21 ga Janairu, aka ƙaddamar da jamhuriya ranar 23.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta addini. Calderon ya so a ayyana ɗariƙar Katolika addinin ƙasa, yana ganin ita ce igiyar da ta ɗaure al'ummomi masu harsuna daban-daban, kuma bai kamata a ɓata wa limaman coci 'yan ƙasa rai ba alhali suna goyon bayan gwagwarmayar. Tomas del Rosario ya jagoranci masu cewa a raba coci da gwamnati, suna tuna wa jama'a irin ƙarfin da limaman Sifaniya suka yi amfani da shi a kan talakawa. Da aka kaɗa ƙuri'a sai aka yi kunnen doki, 25 da 25. A zagaye na biyu Pablo Tecson, wanda ya ƙaurace da farko, ya jefa tasa a ɓangaren masu son a raba, aka tashi 26 da 25. Sashe na 5 ya tabbatar da 'yanci da daidaiton dukan addinai, amma aka saka wani sashe a ƙarshen kundin da ya dakatar da aiki da shi har sai an kira majalisar tsara kundin tsarin mulki, saboda gudun rabuwar kai ana dab da yaƙi. Abin lura a nan shi ne adadin: mutum 51 ne suka yanke hukunci a kan mafi girman tambayar da ta zo gaban majalisar. Batun filayen ƙungiyoyin coci kuwa, waɗanda manoman Cavite da maƙwabtanta suka daɗe suna biyan galla a kansu, kundin ya ce sun koma hannun gwamnati, bai ce a raba wa masu noma su ba.

Sashe na 5 ya shafi Musulmin Mindanao da Sulu, a kudancin ƙasar, fiye da kowa, amma an zartar da shi babu shugabanninsu a zauren. Waɗannan al'ummomi suna da sarakunansu tun kafin zuwan Sifaniya, sun kuma shafe ƙarnoni suna yaƙi da ita, ba su taɓa ɗaukar kansu talakawan Manila ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma attajirin Manila kamar Legarda, komai kyawun niyyarsa, ba zai iya faɗin abin da mutanen Jolo suke so ba. Aguinaldo ya aika wa Sarkin Sulu, Jamalul Kiram na Biyu, wasiƙa a watan Janairun 1899 yana neman haɗin kai, ba ta haifar da komai ba. Ranar 20 ga Agusta na shekarar Sarkin ya ƙulla tasa yarjejeniyar da Janar John Bates na Amurka, abin da ya ba Amurkawa damar tattara ƙarfinsu a arewa, sa'annan suka soke yarjejeniyar a 1904 da bukatarsu ta biya. Ko a tsakiyar ƙasar, inda Kiristoci ne, riƙon Malolos bai yi ƙarfi ba. Masu gonakin rake na tsibirin Negros sun kori Sifaniyawa da kansu a Nuwambar 1898, suka kafa tasu gwamnatin, suka kuma karɓi tutar Amurka a farkon 1899.

Watsewa

Ranar 10 ga Disamba, 1898, Sifaniya ta miƙa tsibiran ga Amurka a yarjejeniyar Paris a kan dala miliyan 20, ba tare da an saurari Felipe Agoncillo, jakadan da Malolos ta tura ba. Hujjar lauyoyi da likitoci ba ta yi aikin da aka tara su dominsa ba. Daren 4 ga Fabrairu, 1899 aka fara harbe-harbe a bakin Manila, ranar 31 ga Maris kuma Malolos ta faɗi.

Zamewar ta riga yaƙin farawa. Pardo de Tavera ya ajiye muƙaminsa na harkokin waje tun kafin ƙarshen 1898, Legarda ya koma Manila, Araneta ma haka, kuma kafin watan Mayun 1899 ya ƙare Araneta yana zaune a matsayin alƙali a babbar kotun da Amurkawa suka sake kafawa ƙarƙashin Cayetano Arellano. Wato cikin wata tara mataimakin shugaban majalisa da ɗaya daga cikin sakatarorinta sun bar ta. A farkon Mayu, 'yan majalisar da suka rage, waɗanda ba su kai 20 ba, suka zauna a San Isidro da ke Nueva Ecija suka amince a nemi sulhu bisa tayin cin gashin kai a ƙarƙashin Amurka. Mabini ya ƙi, domin shi bai yarda a tattauna komai ba sai an fara da tsagaita wuta da amincewa da 'yanci, sai Aguinaldo ya sauke shi ranar 7 ga Mayu ya ba Paterno jagorancin majalisar ministoci. Tanadin da Calderon ya yi don majalisa ta riƙe linzamin gwamnati ya yi aiki kamar yadda aka tsara, sai dai 'yan tsirarun da suka yi amfani da shi ba su kai kashi ɗaya cikin goma na sunayen da ke cikin rajista ba.

Janar Antonio Luna, wanda shi ma ɗan majalisar ne kuma kwamandan rundunar, ya ɗauki shirin sulhun a matsayin cin amana, har ya tsare wasu daga cikin sababbin ministocin. Sulhun bai yiwu ba, Paterno da kansa ya fitar da sanarwar ci gaba da yaƙi ranar 2 ga Yuni, kwana uku bayan haka kuma sojojin da ke gadin hedikwatar Aguinaldo suka kashe Luna a Cabanatuan. A watan Yuli majalisar ta sake zama a Tarlac, aka cike guraben da sababbin naɗe-naɗe, aka zaɓi Ambrosio Rianzares Bautista shugaba, dattijon da ya rubuta takardar ayyana 'yanci ya kuma karanta ta a Kawit. Ranar 13 ga Nuwamba, a Bayambang da ke Pangasinan, Aguinaldo ya rushe rundunar ya koma yaƙin sunƙuru, majalisar ba ta ƙara zama ba.

An kama Mabini a Disambar 1899. Da ya ƙi yin mubaya'a ya kuma ci gaba da rubuce-rubuce, sai aka kai shi tsibirin Guam a Janairun 1901, kuma Pablo Ocampo yana cikin waɗanda aka kora tare da shi. Mabini ya dawo a Fabrairun 1903, cutar kwalara ta kashe shi ranar 13 ga Mayu yana da shekara 38. An kama Paterno a 1900, aka yi masa afuwa, ya shiga cikin masu kiran a rungumi mulkin Amurka. A Disambar shekarar aka kafa jam'iyyar Federal, Pardo de Tavera ya shugabance ta, burinta kuwa shi ne Filifin ta zama jiha a cikin Amurka, kuma a Satumbar 1901 shi da Legarda da Jose Luzuriaga na Negros suka zama 'yan ƙasa na farko a hukumar da ke yi wa tsibiran dokoki. Araneta ya yi ta hawa har ya zama sakataren kuɗi da shari'a a 1908.

Ranar 16 ga Oktoba, 1907 aka buɗe sabuwar majalisar wakilai mai kujeru 80 a Manila ƙarƙashin tutar Amurka, bayan zaɓen da sharuɗɗan dukiya da ilimi suka taƙaita masu ƙuri'a zuwa kimanin mutum 100,000. Paterno ya samu kujera daga lardin Laguna, amma shugabancin ya tafi hannun Sergio Osmeña na Cebu, matashi ɗan shekara 29. A wannan shekara aka tura wakilai biyu na farko zuwa majalisar wakilan Amurka a Washington, inda suke da damar magana amma ba su da ƙuri'a. Ɗaya Benito Legarda ne, ɗayan kuma Pablo Ocampo, wanda ya yi amfani da shekara biyun da ya yi a can wajen neman a mayar wa ƙasarsa 'yancin da majalisar Malolos ta tabbatar ranar 29 ga Satumba, 1898.